Shin zamani na cinye addini ne? Amsa ga ɗalibar da littafinta ya saɓa da abin da idonta ke gani

Tambaya: Malam, ina aji biyu a jami'a, ina karanta ilimin zamantakewa. An koya mana cewa duk al'ummar da ta yi nisa a karatun boko da masana'antu da zaman birni, addini yakan ja baya a cikinta. Amma ni ranar Juma'a sai na ga sahu ya rufe titi, ranar Lahadi kuma coci ba masaka tsinke. Masanan ne suka yi kuskure, ko kuwa mu ne zamanin bai iso mana ba tukuna?

Amsa: 'Yar'uwa, tambayar nan taki ta fi shekara sittin tana raba kan malaman fanninmu, har gobe kuma ba a rufe ta ba. Bari in gaya miki inda na tsaya tun farko, sannan in kawo hujja. A wasu ƙasashe addini yana raguwa da gaske, raguwa mai zurfi. Amma wannan ba dokar da ta hau kan kowace al'umma ba ce. Kuma inda abin ya faru, mafi yawansa a cikin gida ya faru, a tsakanin iyaye da 'ya'yansu, tsara bayan tsara.

Waɗanda suka kafa fannin duk Turawa ne, kuma abin da ke gabansu suka duba. Auguste Comte, Karl Marx, Emile Durkheim da Max Weber sun rayu a lokacin da manoma ke barin ƙauyukan Turai suna kwarara garuruwan masana'antu, inda limamin cocin ƙauye ba ya ganinsu balle ya san wa ya zo wa bai zo ba. A wata lacca da Weber ya yi a birnin Munich a 1917, ya ce an yaye wa duniya lulluɓin asiri. Misalin da ya bayar yana da kyau: mai hawa jirgin ƙasan cikin gari bai san yadda injinsa ke aiki ba, amma ya sakankance cewa babu wani ɓoyayyen ƙarfi a ciki, in ya so zai iya koya. Wannan sakankancewar, in ji shi, ita ce ta canza yadda mutum ke kallon duniya.

A shekarun 1960 aka ɗinke waɗannan tunane-tunane suka zama ra'i guda, wanda za mu kira ra'in dusashewar addini. Bryan Wilson a Ingila da Peter Berger a Amurka su ne kan gaba. Hujjar Berger ita ce, a ƙauyen da kowa ya yarda da abu ɗaya, imani kamar iska yake, ana shaƙarsa ba tare da tunani ba. Da mutum ya shigo birni ya tarar da maƙwabcinsa na dama da na hagu kowa da abin da yake bauta wa, kuma dukansu mutanen kirki ne, sai abin da ya gada ya koma zaɓi ɗaya cikin zaɓuɓɓuka, shakka ta samu ƙofa. A 1968 har ya gaya wa jaridar New York Times cewa kafin ƙarni na 21 masu imani za su koma 'yan ƙananan ƙungiyoyi da suka takure wuri guda.

Sai ga shekarar 1979. A cikinta aka yi juyin juya halin Iran, ƙasar da Sarki Shah ya yi shekaru yana turawa kan tafarkin Turai da kuɗin mai. A cikinta Fafaroma John Paul na biyu ya ziyarci ƙasarsa Folan, miliyoyin mutane suka fito a ƙarƙashin gwamnatin gurguzu. A cikinta kuma fasto Jerry Falwell ya kafa ƙungiyar da ta shigar da Kiristoci masu ra'ayin riƙau cikin siyasar Amurka gadan-gadan. Bayan shekara ashirin, a 1999, Berger da kansa ya fito ya ce ya yi kuskure, duniya tana nan da zafin addininta kamar yadda take, a wasu wuraren ma ta fi da. Ina yawan ba ɗalibaina labarin nan, domin malamin da zai tashi ya warware abin da ya yi suna a kansa ya cancanci a koyi hali daga gare shi.

Wanda ya fi kowa kwance ƙullin, a ganina, shi ne Jose Casanova a 1994. Ya ce kalma ɗaya ake faɗa, amma magana uku ce a ƙunshe. Ta farko, rabuwar ayyuka: mulki, shari'a, kasuwa, makaranta da asibiti kowanne ya fita daga hannun malaman addini ya kama gabansa da ƙa'idojinsa. Ta biyu, raguwar imani da ibada a zukatan mutane. Ta uku, komawar addini cikin ɗaki, ya zama sirrin mutum da Ubangijinsa, ba ruwansa da fagen jama'a. Casanova ya ce ta farkon ce kaɗai kusan ko'ina ake samunta tare da zamani, sauran biyun suna iya biyowa, suna iya ƙin biyowa.

Ki gwada wannan awo a kan garinku, za ki ga amfaninsa. A Kano ko Katsina ta kafin zuwan Turawa, malami ɗaya yakan koyar a zaure, ya ba da rubutun sha ga maras lafiya, ya raba gado, wani ma ya zauna kujerar alƙali. Yau yaro yana zuwa makarantar da ma'aikatar ilimi ta tsara wa manhaja, maras lafiya yana bin layi a asibiti, ɗan kasuwa yana ajiya a banki, kuma sashe na 10 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin na hukuma. Rabuwar ayyuka ta faru a wurinmu, ba shakka. Amma ta biyu ba ta biyo ba, kin ga sahu da idonki. Ta uku kuwa akasinta ma aka gani: daga Zamfara a 1999 zuwa 2000, jihohi 12 na Arewa suka faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci, Kano ta kafa hukumar Hisba a 2003. Saboda haka in wani ya ce miki addini na raguwa, ki fara tambayarsa wanne daga cikin ukun yake nufi. Rabin gardamar da ake yi a aji nan take mutuwa.

To, kada ganin cikar masallacinmu ya sa mu raina hujjar ɗaya ɓangaren, domin alƙalumansu masu nauyi ne. A ƙidayar Ingila da Wales ta 2001, kusan kashi 72 cikin 100 suka ce su Kiristoci ne. A 2011 suka koma kashi 59, a 2021 kashi 46. Waɗanda suka ce ba su da addini kuwa sun tashi daga kashi 15 zuwa 25 zuwa 37. A cikin shekara ashirin kacal ke nan. Amurka ita ce da ake kafa hujja da ita cewa ga ƙasa mafi arziki da kimiyya amma cocinta cike. Ita ma ta sauka: binciken cibiyar Pew ya nuna Kiristoci kashi 78 a 2007, kashi 62 a 2024, marasa addini kuma daga kashi 16 zuwa 29. Cibiyar Gallup, da ta fara tambaya tun 1937, ta tarar a 2020 cewa a karon farko masu rajista da wani wurin ibada sun gaza rabi, kashi 47, alhali a 1999 kashi 70 ne. Steve Bruce, masanin zamantakewa a Birtaniya wanda bai taɓa janyewa daga tsohon ra'in ba, yana da abin nunawa.

Wasu masana Amurka, Rodney Stark da Roger Finke, sun kawo wani bayani da ya yi tashe a shekarun 1990. Suka ce ƙishirwar addini ba ta ƙarewa a zuciyar ɗan Adam, abin da ke canzawa shi ne masu kawo ruwan. Inda coci ɗaya ya mamaye ƙasa, gwamnati na ɗauke da nauyinsa, kamar Suwidin da sai a 2000 ta raba cocinta da hukuma, fasto ba shi da dalilin fita neman jama'a, sai benci ya zama wayam. Inda kuwa aka bar kowa ya kafa tasa rumfar, gasa takan sa kowa ya dage. Sun lissafa cewa a 1776 kashi 17 ne kawai na Amurkawa ke da coci, adadin ya yi ta hawa har ya haura kashi 60 a ƙarni na 20. Wannan bayani yana haska wani abu a Najeriya. Wanda ya bi hanyar Legas zuwa Ibadan ya ga manyan sansanonin coci-coci jere da juna. A Arewa kuma, tun kafuwar Izala a Jos a 1978, gogayyarta da ɗariƙu ta sa kowane ɓangare ya ƙara buɗe makarantun Islamiyya, ya ƙara wa'azi, ya ƙara koyar da mata. Sai dai ra'in ya yi tuntuɓe a wurare biyu. Folan da Ayalan coci ɗaya ne ya mamaye su, amma sun daɗe suna cikin mafiya riƙon addini a Turai. Amurka kuma kasuwarta tana nan a buɗe yadda take, ga shi jama'a na watsewa.

Nan zan ɗan daɗe, domin a nan gizo ke saƙa. A 1994 Grace Davie ta ce Turawan Birtaniya sun daina zuwa coci ne kawai, imanin yana nan a zuci. Mutane da yawa sun ji daɗin maganar. Sai David Voas da abokin aikinsa Alasdair Crockett suka bi bayanan da aka tara na shekaru, suka rarraba mutane bisa shekarar haihuwarsu. Abin da suka gano a 2005 ya canza mini yadda nake kallon batun baki ɗaya. Mutum ɗaya ba ya cika canzawa bayan ya girma: wanda ya kai shekara ashirin da 'yan kai yana ibada, galibi da ita zai tsufa, wanda ya kai ba ya yi, da wuya tsufa ya dawo da shi. Canjin yana tsakanin tsara da tsara ne. A Birtaniya, in uwa da uba duk ba su da addini, kusan tabbas ɗansu ba zai yi ba. In dukansu masu addini ne, damar ɗan ya riƙe kusan rabi da rabi ce. In ɗaya ne mai addini, damar ta sake rabewa biyu. Ki yi lissafin da kanki: gida ɗari masu addini, 'ya'ya hamsin, jikoki ashirin da biyar. Ba wanda ya tashi ya yi shelar barin addini, ba a yi wata muhawara da masana kimiyya aka kayar da fastoci ba. Kaka tana zuwa coci duk Lahadi, 'yarta tana zuwa ran Kirsimeti da ran biki, jikar ba ta san ko addu'a ɗaya ba, kuma ba ta jin ta rasa komai. Imanin da Davie ta gani a zuci gaskiya ne, amma zango ne a kan hanya, domin imanin da ba a aikatawa a gaban yaro ba ya gaduwa. A Amurka ma hoton ke nan. Ko da yake saukar ta ɗan tsaya cik tun wajen 2019, binciken Pew na 2024 ya nuna kashi 80 na tsofaffi Kiristoci ne, matasa 'yan 18 zuwa 24 kuwa kashi 46.

Me ke sa iyaye su sassauta? Pippa Norris da Ronald Inglehart sun ba da amsa a 2004, bayan nazarin ƙasashe da dama: kwanciyar hankali game da rayuwa. Wanda ya tashi inda ciwo ba ya nufin sayar da gona, rasa aiki ba ya nufin kwana da yunwa, haihuwa ba ta nufin tsayawa bakin kabari, yakan girma ba tare da jin buƙatar jingina ba. Shi ya sa Danmak da Suwidin, masu tsarin tallafin jama'a mai ƙarfi, suke can ƙasa a ma'aunin ibada. Suka ƙara da wani abu da mutane ke mantawa: ƙasashen da addini ke raguwa su ne masu ƙarancin haihuwa, masu riƙo da shi kuma su ne masu yawan 'ya'ya. Ƙididdigar Pew ta duniya ta nuna daga 2010 zuwa 2020 Musulmi sun tashi daga kusan kashi 24 zuwa kusan 26, sun kai biliyan 2, Kiristoci sun ƙaru a yawa zuwa biliyan 2.3 amma kasonsu ya sauka daga kusan 31 zuwa 29, marasa addini kuma sun ɗan hau zuwa kashi 24. Kashi uku cikin huɗu na mutanen duniya suna da addinin da suke dangana kansu da shi, kuma yanzu Afirka kudu da Sahara ta fi Turai yawan Kiristoci.

Na yarda da rabin wannan bayani, rabin kuma yana damuna. Yana mayar da imani kamar maganin tsoro kawai, wanda duk mai ibada ya san ya wuce haka. Ƙasashen Larabawa na yankin Gulf suna da arziki da asibitoci, masallatansu ba su bushe ba. A Najeriya kuma, da talauci da jahilci ne ke riƙe da addini, da a jami'a za a fara ganin ɓaraka. Akasin haka aka gani. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSS tun 1954 aka kafa ta a Legas, a makarantun boko ta yi ƙarfi. Farfaɗowar cocin Fentikostal ta shekarun 1970 a harabar jami'o'in Ibadan da Ife ta yi tsiro. Enoch Adeboye na cocin Redeemed da William Kumuyi na Deeper Life dukansu malaman lissafi ne a jami'a kafin su koma wa'azi. Sheikh Abubakar Gumi da rediyon Kaduna da jarida ya isar da karatunsa lungu-lungu. Kayan zamanin da aka ce za su kashe addini, su ne suka zama abin hawansa. Abin da zamani ya ci a ƙasar Hausa shi ne bori da tsafin gargajiya da al'adun Maguzawa, addinin littafi kuwa ƙiba ya yi. Don haka kashi na biyu na tambayarki, ko zamani bai iso mana ba, amsata ita ce ya iso, tun tuni, sai dai bai shigo da rigar da ya sa a Turai ba.

Dalilin bambancin rigar, David Martin ya nuna shi tun 1978: tarihin kowace ƙasa. A Faransa coci ya tsaya tare da sarauta, sai masu neman 'yanci suka ɗauke shi abokin gaba, har aka kai ga dokar 1905 da ta raba shi da hukuma. A Folan da Ayalan da yankin Quebec na Kanada kuwa, coci ne mafakar al'ummar da baƙi suka danne, barinsa kamar cin amanar dangi ne. Da dannewar ta kau, sai riƙon ya fara sassautawa. Quebec ta juya cikin shekarun 1960 kamar ƙiftawar ido, lokacin da gwamnati ta karɓe makarantu da asibitoci. Ayalan ta biyo baya daga shekarun 1990, bayan tonuwar cin zarafin yara a cibiyoyin coci da yadda shugabanni suka rufa wa masu laifi asiri. A ƙidayar 2022 Katolika sun sauko kashi 69. A Amurka, Michael Hout da Claude Fischer sun nuna a 2002 cewa da yawa daga masu cewa ba su da addini sun guje shi ne saboda sun ga ya zama tutar ɓangare ɗaya na siyasa. Wannan wurin yana taɓa ni ƙwarai, domin a duk misalan nan ba bugun waje ne ya fasa bangon ba. Tilas ma ba ta cika yin aiki ba: Albaniya ta haramta addini kacokan a 1967, Tarayyar Sobiyet ta yi shekara saba'in tana yaƙarsa, amma a Rasha masu kiran kansu 'yan cocin Otodoks sun tashi daga kashi 31 a 1991 zuwa 72 a 2008, ko da yake kaɗan ne cikinsu ke zuwa ibada. Abin da ya fi saurin raba matashi da addinin iyayensa shi ne ya ga mai wa'azi ya zama ɗan koren mai mulki, ko ya ga an rufa wa azzalumi asiri da sunan kare martabar addini.

Saura maganar awo, tunda ke mai shirin yin bincike ce. Mutane suna ƙara gishiri in an tambaye su ibadarsu. A 1993 wasu masana uku a Amurka suka je suka ƙirga kawuna a coci-coci, suka tarar da kusan rabin abin da ake faɗa wa masu tambaya, wajen kashi 20 maimakon 40. Kuma zamanin da ake cewa kowa na ibada shi ma a duba shi da kyau: ranar 30 ga Maris 1851 an ƙirga masu zuwa coci a Ingila da Wales, sakamakon ya girgiza shugabannin coci saboda miliyoyin da ba su je ba. A wurinmu matsalar ta ninka. An ƙera ma'aunan ne don coci mai rajistar mambobi, masallaci kuwa ba shi da rajista, mace mai salla biyar a ɗakinta ba za ta fito a lissafin masu halarta ba. Ƙidayar Najeriya ta 1991 da ta 2006 ba su tambayi addini ba sam. Sannan inda faɗin "ba ni da addini" zai iya raba mutum da danginsa da aurensa, ba mai faɗa wa baƙo riƙe da takarda. Cikar sahu hujja ce ta gaske, amma tana auna halarta ne, ba ta gaya miki abin da ake gadarwa a cikin gida.

In kina neman batun kundin kammala digiri, ga shawarata. Ki zaɓi gidaje talatin ko arba'in a unguwa ɗaya, waɗanda kaka da uwa da jika duk suna raye. Ki zauna da kowacce ita kaɗai. Ki tambaye ta wa ya koya mata alwala da karatun salla, tana da shekara nawa, a zaure ne ko a Islamiyya ko a waya. In wata mas'ala ta ɗaure mata kai, wa take tambaya: mijinta, malamin unguwa, ko malamin da take bi a TikTok? In yaro ya yi zazzaɓi da dare, me ake fara yi, me ake yi na biyu? Wa ke tashin yara sallar asuba, kuma in sun ƙi tashi me ke biyo baya? Ki haɗa da gidajen Kirista in unguwar tana da su, da tambayoyin da suka dace da su. Ki rubuta amsoshin tsara ukun gefe da gefe a shafi ɗaya, ki kawo mini mu duba tare.